Littafin aiki: ginin gidajen baƙi na alfarma a bakin kurmi, tsaunin Mambila

Aikin shi ne gidajen baƙi guda shida, kowanne da ɗakin kwana, falo, banɗaki da baranda, sai kicin na gaba ɗaya da ɗakin ajiya, a wani fili mai hekta 4 tsakanin Maisamari da Nguroje, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Babu layin wuta, babu ruwan famfo. Duk abin da baƙo zai mora dole wurin ya samar da shi da kansa, ba tare da an taɓa kurmin da ke ƙasan filin ba.

18 Nuwamba 2024

Ruwa ya ɗauke, an kafa turaku. Filin ciyawa ne a kan gangare, tsayinsa daga teku ya kai mita 1,550, kurmin kuma yana cikin kwarin da rafi ya bi. An ja igiya mita 60 daga bishiyar ƙarshe, an ce daga nan zuwa ƙasa ba gini, ba hanya, ba zubar da ƙasa. Dalili kuwa, kurmin Mambila ragowa ne. Ko gandun Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe tun 1969, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 46 ne amma ainihin dajin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran ciyawa ce. Wuta da shanu suna cin gefen kurmi kowace shekara, bai kamata gini ya zama na uku ba.

Takardu biyu suka riƙe aikin tun daga watan Yuni: shaidar mallakar fili a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, da rahoton tasirin aiki ga muhalli da dokar 1992 ta wajabta. Amma takarda ba ta raba gardamar fili a Mambila. An zaga iyakar da ƙafa tare da jauro da arɗo da masu gonakin da ke maƙwabtaka, aka gano burtali ya ratsa kusurwar gabas. An ja shinge baya mita 25, aka bar wa shanu hanyarsu.

Zanen farko an yi shi ne da tunanin garin zafi: bangon gilashi, na'urar sanyaya ɗaki, wurin ninƙaya. An soke duka ukun. A nan zafin rana da wuya ya dami mutum, abin da ke korar baƙo sanyi ne da danshi. Alfarmar da za a sayar ita ce ɗaki busasshe mai ɗumi, ruwan zafi a kowane lokaci, da shiru. An kuma yanke cewa gida biyu kawai za a rufa bana, su sha damina guda a gani kafin a ɗora sauran huɗun.

9 Disamba 2024

Kaya na tasowa daga Jalingo ta Bali zuwa Serti, daga Mayo Selbe kuma a fara hawan dutse. Babbar mota da cikakken lodi haɗari ce a waɗannan kwanoni, don haka ana raba kaya a ƙasa, ana hawa da su a ƙananan motoci. Kowane buhun siminti yana isowa da kuɗin mota a kansa. Wannan ya sa aka koma ga bulon ƙasa da ake matsewa da injin hannu, mai tsawon santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9.

Ƙasar saman nan baƙa ba ta bulo, an kankare ta an tara gefe don shuka. Jar ƙasar da ke ƙasanta aka gwada da akwatin katako mai tsawon santimita 60, faɗi da zurfi huɗu huɗu: a kwaɓa, a cika, a bar shi a inuwa kwana bakwai, a tura busasshiyar ƙasar gefe guda a auna giɓin. Ta farko ta ja milimita 70, yumɓu ya yi yawa. Da aka zuba baron yashi ɗaya a baro uku na ƙasa sai ta koma 38. A wannan mataki awon shi ne siminti ɗaya, ƙasa 14, buhu guda yana ba da bulo wajen 105.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa bulon ƙasa yana rage siminti sosai. A bango mai layi ɗaya haka ne, bulo 33 ne a murabba'in mita. Amma bangon waje a nan layi biyu ne saboda sanyi, bulo 66 ke nan, buhu ɗaya ba ya wuce murabba'in mita ɗaya da rabi da ɗan wani abu. Bulon siminti mai inci tara ya fi haka auki. Ribar tana wajen yashin da ba za a yi ta jigila ba, da filasta da fenti da ba za a yi ba, da ɗumin da bango mai kauri ke riƙewa. Kashin farko na buƙatar bulo 22,000, siminti kimanin buhu 210, inji biyu na fitar da 700 a yini.

7 Janairu 2025

Bulo 1,900 na makon farko sun lalace. Gefensu yana marmashewa da yatsa. An shanya su a fili kamar yadda ake yi wa tubalin laka, iskar hunturu ta zuƙe ruwan kafin siminti ya kama. Bulon da ke da siminti ba shanya yake so ba, jiƙo yake so. Yanzu ana jera shi da zarar ya fito, a lulluɓe da baƙar leda, a yayyafa ruwa safe da yamma kwana 14, sannan a buɗe a bar shi a inuwa har ya cika kwana 28. Ga gwajin da ake yi wa kowane rukuni: a jiƙa bulo biyar a ruwa kwana guda, a kankara da ƙusa. Idan ƙusa ta shiga, rukunin ya koma shimfiɗar hanya.

Wani kuskuren shi ne kwaɓi mai yawa. Siminti na fara kamawa cikin sa'a guda, don haka ba a haɗa fiye da abin da inji zai cinye a wannan lokacin. Ruwan kwaɓin ma kaɗan ne: a dunƙule a hannu, a saki daga tsayin kafaɗa, idan ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi, idan ya baje ya bushe da yawa, idan ya zauna a dunƙule ruwa ya yi yawa.

An share layin tare wuta mai faɗin mita 8 kewaye da filin da kuma gefen kurmin, an ƙona tsakiyarsa da sassafe lokacin da raɓa ba ta bushe ba. Daren jiya ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 11.

4 Fabrairu 2025

Harsashi na dutse ne, wanda aka tsinto a filin da kewaye. Zurfi santimita 70, sannan ya taso santimita 45 a saman ƙasa kafin bulo ya hau, an shimfiɗa leda mai kauri tsakaninsu don kada danshi ya hau bango. Ba a yanka gangaren da katafila ba. Kowane gida ya zauna a mataki biyu, baranda kuma tana kan ginshiƙai, ruwan sama ya wuce ta ƙarƙashinta.

Katako duk na turare ne, wanda wasu ke kira zaiti, daga gonakin itace da suka cika tsaunin. Ba a sayi ko falanki ɗaya na itacen kurmi ba, duk da masu kawowa sun yi ta tayi. Turare yana da hali biyu marasa kyau: yana tsagewa daga baki, yana kuma murɗewa idan ya bushe da gaggawa. Rukunin farko da aka jingine a rana kashi ɗaya cikin huɗu ya tsage. Maganin shi ne a shafe bakin kowane gungume da fenti ko kakin zuma ranar da aka sare shi, a yanka da ɗan ƙari a kan awo, a jera a rumfa da ƴan sanduna tsakanin layi da layi, a danne saman da duwatsu. Don gara da ƙwaro ana jiƙa katakon tun yana ɗanye a ruwan boras da boric, kilo 5 a lita 100, kwana bakwai. Wannan magani ruwa na wanke shi, saboda haka na katakon da ke ƙarƙashin rufi ne kawai. Ginshiƙan baranda an ɗora su a kan takalmin ƙarfe, santimita 15 sama da kankare.

Katakon daɓe ba za a kafa shi ba sai na'ura ta nuna danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Yanzu yana 24.

12 Maris 2025

Azumi ne, aiki daga ƙarfe shida zuwa ɗaya. An yi amfani da sassaucin wajen lissafin ruwa, tunda yanzu ne idon ruwan da rafin ke fitowa daga gare shi yake mafi ƙanƙanta. A Nuwamba bokitin lita 20 yana cika a daƙiƙa 50, yau sai da ya ɗauki 95. Wato kusan lita 18,000 a yini.

Buƙata idan gidaje shida sun cika: baƙi 12, kowanne lita 150, lita 1,800 ke nan, kicin da wanki da ma'aikata 1,700, jimla 3,500. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da idon ke bayarwa ba, kuma a nan aka kafa iyaka, domin rafin nan shi ke shayar da kurmin, da dabbobin ciki, da shanun da ke ƙasa.

Ruwan rufi yana da yawa a takarda. Yankin na samun wajen milimita 1,800 a shekara, rufin gida ɗaya murabba'in mita 120 ne, idan aka cire asara zai ba da sama da lita 170,000. Matsalar ita ce yana zuwa lokacin da ba a rasa ruwa ba. Rani na kwana 150 zai ci lita 525,000, tankin da zai riƙe wannan ya fi ƙarfin aikin. Don haka kowane gida tankin lita 10,000 ne, na damina, rani kuma idon ruwa.

An gwada famfon nan da ƙarfin gangarar ruwa ke bugawa, wanda ba ya cin wuta ko mai. Faɗuwar ruwa mita 4, tsayin da za a kai shi mita 32. A kwararar yau yana hawar da lita 1,360 a yini, sauran ya koma rafi. Bai isa ba, amma yana aiki dare da rana, don haka an bar shi, aka ƙara ƙaramin famfon sola da zai cike giɓin. An gina akwatin kankare a bakin idon, an kewaye shi, aka ja bututu zuwa kwamin shayar da shanu mita 80 a ƙasa. Ba don wannan kwami ba da shingen ba zai kwana ba.

23 Afrilu 2025

An rufa gida biyu da kicin kwana tara kafin ruwan farko mai ƙarfi. Rufin kwano ne mai gangare digiri 30, bakinsa ya fito santimita 90 don kare bango. Ƙarƙashin kwanon akwai ledar da ke barin tururi ya fita, sai giɓin iska santimita 5, sai audugar dutse mai kauri santimita 10, sannan silin na katako. Wannan audugar ita ce kuma ke kashe ƙarar ruwa a kan kwano, wadda in ba haka ba baƙo ba zai ji maganar na kusa da shi ba.

Ruwan farko ya nuna inda aka yi sakaci. Hanyar shiga ta zama kwata, ta kwashe jar ƙasa ta nufi kwarin. An yanka magudanai a karkace kowane mita 15, an dasa jema layi layi bisa kwanciyar gangaren, tazarar santimita 15 tsakanin tushe da tushe. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa sosai, ba ta yaɗuwa cikin gona.

16 Yuni 2025

Lissafin wuta an yi shi ne da watan Agusta, ba da Janairu ba. Kowane gida kilowat-awa 3 a yini, kicin da firij 14, wanki 6, famfo 4, ofis da intanet 3, jimla 45. A ranakun hazo ba a dogara da fiye da sa'a uku da rabi na rana mai ƙarfi, sai a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara. Ya kama faifan sola 32 masu wat 550. An karkata su digiri 10 don ruwa ya riƙa wanke su. Batir na lithium ne, kilowat-awa 30 yanzu, za a ninka idan sauran gidajen sun tashi. Ba a sa hita ta lantarki ko ɗaya ba, kuma butar lantarki mai wat 2,000 ba za ta shiga ɗakunan baƙi ba, za a riƙa kai ruwan shayi a fulas. Shayin kuwa na Kakara ne, ga shi nan kusa.

Ranar 9 ga wata tsawa ta faɗi kusa, ta ƙona allon sadarwar inbata da na'urar intanet. Da aka auna turken da ke sauke wutar tsawa cikin ƙasa sai aka samu om 46 (om shi ne awon yadda ake tare wa wuta hanya), alhali ana son ƙasa da 10. Turke ɗaya aka kafa, aka zuba masa gishiri da gawayi kamar yadda aka saba. Gishiri yana saukar da awo na ɗan lokaci, ruwa ya wanke shi, ya bar turken da tsatsa. An kafa turakun tagulla shida, tazarar mita 3, aka haɗa su da waya zobe guda kewaye da ɗakin wuta, aka sa na'urar tare tsawa a ɓangaren faifai da ɓangaren gidaje. Awo ya koma 8. Wayar intanet tsakanin gine-gine an mai da ita ta zaren gilashi, wadda tsawa ba ta bi.

11 Agusta 2025

Wannan watan ne aka bar gidajen biyu su jira. Kwana huɗu a jere hazo bai tashi ba sai bayan azahar, danshin iska a waje ya wuce kashi 90.

Gida na ɗaya an bar shi a rufe mako biyu ba wuta, kamar yadda zai kasance idan babu baƙo. Da aka buɗe, warin rima ya tare ƙofa. Fumfuna ta fito a bayan kabad ɗin da aka manna da bangon arewa, a ƙasan katifa, da cikin takalmin fata da aka ajiye don gwaji, wanda ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Zanen gado ba ya ɗiga amma hannu na jin sanyinsa. Gida na biyu ana hura masa murhu sa'a biyu kullum, danshin cikinsa bai wuce kashi 65 ba, ba fumfuna ko ɗigo.

Gyaran da aka yi: kabad ya matso santimita 8 daga bango, bayansa a buɗe, ƙofofinsa masu tsaga-tsaga. Gado ya koma mai sanduna a maimakon falanki rufaffe. An huda ƙananan tagogin iska biyu a kowane ɗaki, ɗaya ƙasa ɗaya sama, da raga. Banɗaki ya samu fankar da ke zuƙe tururi, tana ci gaba da aiki minti 15 bayan an kashe fitila. Bangon ciki an shafe shi da farar ƙasa maimakon fentin roba da aka fara sa wa banɗakin gida na ɗaya, wanda ya kumbura ya ɓare, domin ya hana bango numfashi. An kuma ware ɗaki a bayan kicin mai murhu da igiyoyi don busar da zannuwa, tunda shanya a waje a watan nan ɓata lokaci ne. Dokar aiki ta fito daga nan: ko da baƙo ko babu, kowane gida a hura masa wuta kullum daga Yuni zuwa Oktoba.

Bango mai kauri yana da nasa sharaɗin. Yana riƙe ɗumi har asuba, amma idan ya yi sanyi sai an yi sa'a uku zuwa huɗu ana wuta kafin ɗaki ya yi daɗi. Murhu sai a kunna shi tun baƙo yana Serti.

Murhun na ƙarfe ne rufaffe mai ƙofar gilashi, yana cin kilo 8 zuwa 10 na busasshen turare a dare. A gida na ɗaya hayaƙi ya riƙa dawowa ɗaki idan iska ta taso daga kwari, saboda bakin bututun yana ƙasa da ƙololuwar rufi. An ƙara shi ya wuce ta da santimita 60, aka ja wa murhun iskarsa daga waje ta ƙarƙashin daɓe. Kowane ɗaki da na'urar da ke ƙara idan iskar gawayi mai kisa ta taru. Itacen bana an saya da tsada saboda busasshe ya yi wuya, na baɗi za a faskara shi a Disamba a jera a rumfa.

Ruwan zafi ma ya faɗi jarrabawa. Tankin sola mai lita 200 ya tsaya a digiri 38 bayan kwana uku na hazo, mutum biyu ba za su yi wanka da shi ba. An naɗa bututun tagulla a bayan murhu aka haɗa da tankin, ruwan yana zagayawa da kansa muddin tankin ya fi murhun tsayi kuma bututun bai yi lanƙwasar da iska za ta maƙale ba. Dole da bawul ɗin sakin matsi, in ba haka ba tanki na iya fashewa. Yanzu yana kai 60, wanda ake so ko don kashe ƙwayoyin cutar da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi.

15 Satumba 2025

Ruwan banɗaki da kicin yana shiga tankin masai mai ɗaki biyu, lita 9,000, daga nan ya ratsa fadamar tsakuwa mai murabba'in mita 100, biyar ga kowane mutum cikin 20, baƙi da ma'aikata, zurfi santimita 60, an shimfiɗa mata leda a ƙasa. Tana nesa da idon ruwa fiye da mita 100, kuma a wani gangaren daban. An kawo shawarar a dasa kacalla, aka ƙi. Wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ba zai kai ta kan tsauni ba. Jema aka sa da ciyayin bakin rafin wurin. Bakin fadamar ya toshe sau ɗaya saboda maiƙon kicin, tarkon mai ya yi ƙanƙanta, an sauya shi da mai lita 300 ana kwashewa duk mako.

Tsuntsaye bakwai aka tsinta a ƙarƙashin babbar tagar falo cikin wata guda. Gilashin na nuna hoton kurmi, su kuma su taho da gudu. Hoton shaho guda da aka manna bai hana komai ba. An bi bayan gilashin ta waje da ɗige-ɗige, tazarar santimita 5 kowane ɓangare, tun daga nan ba a sake tsintar ko ɗaya ba. Fitilun waje an mai da su masu launin ruwan zuma, suna kallon ƙasa, suna mutuwa ƙarfe goma.

Birai sun gano ramin shara. An rufe shi, takin ya koma cikin keji mai sakata, kuma za a rubuta wa baƙi cewa ba a ba biri abinci. Biri mai ganga, babban birin nan mai kama da mutum wanda ake samu a Ngel Nyaki da Gashaka-Gumti, ba ya cikin wannan ƙaramin kurmi, kuma ba za a sa hotonsa a talla ba.

20 Oktoba 2025

Ruwa ya fara tsagaitawa. Katakon daɓen da aka kafa a Mayu yana da danshi 14 ya kumbura, ya ɗaga a wuri biyu a gida na ɗaya, saboda kafinta bai bar giɓi a jikin bango ba. An yanke milimita 12 kewaye, aka rufe da ƙaramin katako.

Cikin dashe 1,200 na malmo da ɓaure da sauran itatuwan kurmin da aka raina daga iri aka dasa a tazarar mita 60 ɗin nan, 790 suna raye. Mafi yawan waɗanda suka mutu ciyawa ce ta shaƙe su, don haka za a riƙa share zobe mai faɗin mita ɗaya kewaye da kowanne sau uku a damina. Turare ko ɗaya ba za a dasa kusa da idon ruwa ba, shan ruwansa ya yi yawa.

Sauye-sauyen da za su shiga gidaje huɗu masu zuwa: bakin rufi a ɓangaren da ruwa ke bugowa ya koma santimita 120, domin layi uku na ƙasan bangon gida na biyu sun jiƙe sun fara zubar da gari; bututun murhu da na ruwan zafi a sa su tun wajen gini; tagar falo ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, ta zama mai gilashi biyu. Bulo 28,000 ake buƙata, za a fara bugawa 10 ga Nuwamba idan ƙasa ta sha iska. Kafin nan a sake share layin wuta, a auna idon ruwa, a kuma sauya robar bawul ɗin famfon gangara da ta fara yoyo.